Kafin Na'ura Ta Yi Magana: Yadda Ake Shirya Abinci da Ruwa Don Gano Ragowar Maganin Feshi

(Kiɗan buɗe shiri)

Gaisuwa ga manoman shinkafa na Tara da Gatawani, da masu lambu na Bengu da Tanda da Tunuga, da sarkawan bakin ruwa, da iyayenmu mata masu sana'ar kifi da ganye. Maƙwabtanmu na Malanbil a ƙetaren kogi da na Kamba a Nijeriya, in muryarmu na isa gare ku, ku matso kusa, zancen yau na kowa ne.

Duk sa'ad da aka yi zargin abinci ko ruwa, maganar da ke fitowa daga bakin mutane ɗaya ce: "A kai labo a gwada." In takarda ta dawo aka ce ba a ga komai ba, sai hankali ya kwanta. To yau ina so mu bi sawun wannan magana, mu ga abin da ke faruwa tsakanin buhun wake da takardar sakamako. A wannan tsakanin ne gwaji ke gyaruwa ko ya lalace, kuma rabin farko na tafiyar a nan Gaya yake, a hannunmu.

Bari in fara da wake. A watan Yuni na 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya, saboda wani magani da ake kira dikulorbos, ko DDVP. Kada sunan ya ruɗe ku, piya-piya ne, wanda ke cikin kwalaben Sniper da ire-irensa. Dokarsu ta ce kada ya wuce miligiram 0.01 a kilo, su kuwa sun yi ta samun daga 0.03 har zuwa 4.6. Miligiram 0.01 a kilo, in muka buga lissafi, giram 1 ne tak a cikin buhu 1000 masu kilo ɗari-ɗari. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai a nan ido bai san komai ba, hanci ma haka. Na'ura ce ke gani. Ita kuma na'urar ba ta karɓar wake, ba ta karɓar tumatir, ba ta karɓar ruwan kogi mai laka. Abin da take karɓa ɗan ɗigo ne na ruwa garai, wanda bai kai ɗigon hawaye ba. Aikin mayar da lodin mota guda ya koma wannan ɗigo, ba tare da maganin ya salwanta a hanya ba, shi ne ake kira shirya samfuri.

Me ya sa zancen ya shafi Gaya musamman? Kowa ya san inda muke zaune. Kaya na shigowa ta mota, ta babur, ta jirgin ruwa. Wanda ke da hurumin amincewa da maganin da za a sayar a Nijar shi ne kwamitin Sahel na magungunan ƙwari mai mazauni a Bamako, wato CSP, na ƙungiyar CILSS. Amma ƙungiyar zaurukan manoma ta RECA ta sha zagaya kasuwannin ƙasar nan tana ƙirga kwalabe, kuma abin da take tararwa shi ne mafi yawan abin da ke kan tebur ba ya cikin jerin CSP. Ga kuma ruwa. Mekru da Alibori, waɗanda suka ratso ƙasar auduga ta arewacin Benin, suna zubowa cikin kogin Isa, wato Kwara, kafin ya iso gare mu, Sota kuma tana zubawa a wajen Malanbil. A daminar auduga ta 1999 zuwa 2000 an ƙirga aƙalla mutum 37 da maganin endosulfan ya kashe a yankin Borgu na Benin. CSP ya hana shi a 2007, Benin ta bi a 2008, yarjejeniyar duniya ta Stockholm ta sa shi cikin jerin haramtattu a 2011. Wannan ba hukunci nake yanke wa ruwanmu ba. Dalili nake kawowa na a riƙa gwada shi, kuma a gwada shi yadda ya kamata.

Mataki na farko ɗiba ne, kuma nan aka fi yin ɓarna. Uwargida ba ta ɗanɗana gishirin miya sai ta juya tukunya, to haka abin yake. Wanda ya yayyafa piya-piya a wake bai raba shi daidai ba: wani buhu ya sha da yawa, wani ko ɗigo bai samu ba, a buhu ɗaya ma baki daban, gindi daban. Hukumar Codex, ta FAO da hukumar lafiya ta duniya, ta fitar da ƙa'idar ɗiba a 1999. In kaya ya haura kilo 500, a ɗiba a wurare 10 ko fiye, gaba da tsakiya da baya, sama da ƙasa, da ƙarfen nan mai rami da 'yan hatsi ke soka wa buhu. A zube a kan tsabtataccen abu, a gauraya, a baje, a raba huɗu, a ɗauki kashi biyu masu kallon juna, a sake gaurayawa, a yi ta yi har ya rage kilo 1. Tumatir da tattasai da albasa, kilo 1 ne, kuma kada su gaza ƙwaya 10. Manyan kaya irin su kabeji da kankana, kilo 2, aƙalla ƙwaya 5. Mai kaya ba shi ke zaɓen buhun da za a soka ba. Wanda kuma ya tsaya a bayan mota ya ɗebi na bakin ƙofa don rana ta yi zafi, buhun bakin ƙofa ya gwada, kada ya rubuta sunan lodin duka.

Iyayena mata, ga wani abu da ya saɓa wa tarbiyyar kicin: samfuri ba a wanke shi, ba a feraye shi. Yadda yake a kasuwa haka ake so a gan shi. Tumatir a cire masa ɗan kara kawai, albasa a cire saiwa da busasshen ɓawon da ke fita da kansa, rogo da dankali a kakkaɓe ƙasa. A sa kowane samfuri a sabuwar leda tasa shi kaɗai. Buhun taki da aka zazzage, ko jarkar da ta taɓa ganin magani ko fetur, ko kusa kada su zo. A rubuta rana, da wuri, da sunan abin da aka fesa, da ranar da aka yi feshin ƙarshe.

Sai tafiya. Daga nan zuwa Yamai, ta Dosso, kusan kilomita 300 ne, kuma a watan Afrilu zafi na haura digiri 40. Piya-piya magani ne mai tashi a iska, zafi da laima kuma suna rusa shi. Samfurin da ya wuni a saman mota, ya kwana a tasha, ya iso labo bayan kwana uku, zai iya fitowa fes alhali ranar da aka ɗebe shi guba ne. Saboda haka a cikin glasiya mai ƙanƙara ake tafiya da shi, a isa da wuri, in kuma ba a ranar za a yi aikin ba, a daskare shi a sanyin digiri 20 ƙasa da sifiri. Ko dai ofishin kare tsirrai na kan iyaka ne ya ɗiba, ko malamin gona, ko ƙungiyar manoma, ko za a kai labon LANSPEX a Yamai ko wani labo a wata ƙasa, ƙa'idar ba ta canzawa.

(Ɗan gajeren kiɗa)

To mun iso labo. Daga kilo 1 ɗin nan giram 10 kawai za a yi aiki da shi, don haka dole a markaɗe shi gaba ɗaya har ya zama abu guda, kowane cokali daidai da ɗan'uwansa. Injin markaɗe na ɗumama abu, shi ya sa ake daskare samfurin tukuna, wasu ma su haɗa da busasshiyar ƙanƙara. Wake da shinkafa da riɗi niƙa su ake yi su zama gari. Tsakanin samfuri da samfuri kuma sai an wanke injin tas, in ba haka ba laifin wani ya hau kan wani.

A da, fitar da magani daga cikin markaɗen babban aiki ne. Hanyar Mills ta 1963 da hanyar Luke ta 1975, duka daga Amurka, suna shan sinadari ɗaruruwan mililita a samfuri ɗaya, ga tarin kwalabe, ga ɓata lokaci. A 2003 wasu masana huɗu, Anastassiades da Lehotay da Stajnbaher da Schenck, suka fito da hanyar da ake kira QuEChERS, ana furta shi "kecas". A rahotonsu na farko sun nuna mutum ɗaya zai iya shirya samfuri 6 cikin ƙasa da minti 30, da kayan aikin da bai wuce kimanin dala 1 ba kowane samfuri. A ganina, ga ƙasa irin tamu wannan ya fi kowace sabuwar na'ura muhimmanci, don shi ya sauko da aikin inda aljihunmu zai iya kaiwa.

Ku zo mu tsaya a bayan ma'aikacin mu kalla. A hannunsa akwai bututun roba mai murfi, mai cin mililita 50. Ya auna giram 10 na markaɗen tumatir ya zuba. Ya ƙara mililita 10 na wani ruwan sinadari mai suna asetonitiril, fari kamar ruwan sha amma guba ne, shi ya sa ya sa safar hannu. Ya rufe, ya girgiza minti 1 da ƙarfi. A wannan girgizar ce maganin ke barin naman tumatir ya shige cikin sinadarin. Sai dai yanzu sinadarin da ruwan tumatir sun cakuɗe, dole a raba su. Sai ya zuba gishiri iri biyu: giram 4 na magneziyom salfet, mai shan ruwa, da giram 1 na gishirin ci, ɗan'uwan gishirin Foga, sai dai shi wannan tatacce ne. Nan take bututun ya ɗau ɗumi a tafin hannunsa, kuma in ya yi jinkirin girgizawa gishirin dunƙulewa zai yi. Ya sa shi a injin da ke wulwula bututu da gudu, minti 5. Da ya fito, abin ya kasu hawa-hawa: gishiri a ƙasa, sai ruwa, sai dusar tumatir ta daskare kamar faifai, can sama kuma sinadarin ne, ya ɗan yi launin ruwan lemu. Maganin da ake nema yana cikin wannan hawa na sama.

Amma ba shi kaɗai ya hau ba. Sukari ya biyo shi, da tsami, da maiƙo, da launi, waɗanda in suka shiga na'ura za su toshe ta ko su rufe mata ido. Sai ya ɗebi mililita 1 ya zuba a wani ɗan bututu mai ɗauke da miligiram 150 na gishirin nan mai shan ruwa da miligiram 25 na wani farin gari da ake kira PSA, mai kama sukari da tsami. In samfurin mai maiƙo ne, gyaɗa ko riɗi, ya ƙara wani gari, C18. In ganye ne kore shar, zogale ko salati, ya ƙara baƙin gari na gawayi na musamman don ya tsotse koren. A nan ake gane gwani, don baƙin garin in ya yi yawa har wasu magungunan yake haɗiyewa, a tashi da ruwa garai da sakamakon ƙarya. Busasshen abu kuwa, irin garin wake ko shinkafa, giram 5 ake aunawa, a zuba masa ruwa mililita 10 ya jiƙa tukuna, don sinadarin ba ya iya shiga busasshen gari ya fito da abin da ke ciki.

Wannan hanya tana kamo magunguna ɗaruruwa a tashi ɗaya. Amma ku buɗe kunne da kyau, manoma, don waɗanda suka fi yawa a gonakinmu na cikin masu kuɓuce mata. Gilifoset da farakwat, magungunan ciyawan nan, masoya ruwa ne: ba sa hawa sama, a ƙasa suke zama tare da ruwan da za a zubar. Su hanyarsu daban, da wani sinadari mai suna metanol da ɗan tsami, kuma a roba, don manne wa gilashi suke yi. Mankozeb, hodar da ake fesa wa tumatir da albasa saboda cutar ganye, da ya haɗu da ruwan markaɗe yake rushewa, don haka shi ba a markaɗa samfurinsa, yanka ake yi a dafa da tsami a rufaffiyar kwalba a auna iskar da ta tashi. Ƙwayar nan ta hatsi, Phostoxin, ita iska take saki, samfurinta sai a kwalba mai toshe da kyau. Kun ga ke nan dalilin da na ce a rubuta sunan abin da aka fesa. Labo ba ya ganin abin da bai nema ba. In ka ɓoye sunan don kunya ko tsoro, ma'aikaci ya bi hanyar da ba ita ba, kuɗin gwaji ya tafi a banza. In ba ka iya karanta sunan ba, kawo kwalbar, ko ka ɗauke ta hoto da salula.

Sarkawa, ban manta da ku ba. Tsofaffin magunguna irin su DDT da lindan, wanda dattawa suka sani da Gamalin, a cikin kitse suke taruwa, su shekara da shekaru. Kifi ana naɗe shi ne a takardar alminiyom, a daskare, a markaɗe, a busar da shi da gishiri mai shan ruwa. Har yau wasu labo na amfani da wata na'urar gilashi da Bajamushe Soxhlet ya ƙirƙiro a 1879, inda sinadari ke ta ɗiga yana wanke naman awa da awanni. Bayan nan sai wahalar raba maganin da man kifin. Busasshen kifin da aka yayyafa wa magani don tsutsa kuwa, a fatarsa abin yake, kada a kankare kafin a kawo.

Yanzu ruwa. Shi matsalarsa wata ce: maganin ya tsarwatsu ƙwarai. Ƙa'idar Turai ga ruwan sha ita ce kada magani ɗaya ya wuce maikirogiram 0.1 a lita, duka a haɗe kada su wuce 0.5, maikirogiram kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram. Don haka a ruwa tattarowa ake yi. Ana ɗibar lita 1 a kwalbar gilashi mai launin ƙasa, saboda hasken rana na rusa wasu magunguna, roba kuma na tsotse wasu, in ban da magungunan ciyawan da na ambata. Gorar ruwan da aka sha aka yar ba ta yi. A kogi, a shiga da jirgi a bar gaɓa, a juya bakin kwalba ya fuskanci inda ruwa ke fitowa, a nutsa ta kamar kamu ɗaya ƙasa da saman ruwa. A rijiyar burtsatse, a bar ruwa ya zuba na wasu mintoci tukuna. Ruwan famfo mai kulorin, ana sa masa wani ɗan gishiri da ke kashe kulorin ɗin, don kada ya ci maganin a cikin kwalba. A ajiye a sanyin digiri 4, a yi aikin kafin kwana 7.

A labo, ana bi da litar nan sannu a hankali ta cikin wani ɗan bututu kamar sirinji, cike da garin C18. Ruwa ya wuce, magani ya maƙale. Sai a wanko shi da ɗan sinadari, a ƙafar da shi ya koma mililita 1. Lita ta koma mililita, ƙarfin ya ninku sau 1000, na'ura ta samu abin gani. Amma jan ruwan damina na watan Agusta da Satumba daban yake da ruwan da ke iso mana daga Gini da Mali lokacin sanyi. Na damina laka gare shi, kuma magunguna irin su sifametirin da lamda, waɗanda masu lambu suka sani sarai, jikin laka suke mannewa. Wanda ya tace ruwan ya zubar da lakar, ya zubar da shaida. Ita ma sai an gwada ta, har cikin kwalbar sai an ɗauraye da sinadari an haɗa.

Akwai kuma batun sa'a. An yi feshi a fadama, an yi ruwa da dare, magani ya gangaro ya wuce, kai kuma ka zo da kwalba bayan kwana huɗu. Don maganin wannan ne aka ƙirƙiro wasu siraran ledoji da ake sa wa a keji a nutsa cikin kogi su yi makonni, suna tsotsar da yawa daga magungunan da ke giftawa. Masana na jami'ar jihar Oregon ta Amurka, tare da FAO da labon CERES-Locustox na Dakar, sun yi aiki da su a kogunan Isa da Senegal da Bani, aka buga sakamakon a 2014. Masunci, in ka ci karo da irin wannan keji ɗaure da igiya, don Allah ka bar shi inda yake.

Ta yaya labo ke sanin bai yaudari kansa ba? Yana ɗaukar samfurin da aka tabbatar ba shi da magani, ya zuba masa adadin da ya sani, ya bi da shi duk matakan nan. In abin da ya dawo yana tsakanin kashi 70 da 120 cikin 100, hanya ta yi. Yana kuma bi da bututun da babu komai a ciki, don ya kama dattin da ka iya fitowa daga kayan aikinsa.

Saboda haka shugabannin ƙungiyoyin manoma da 'yan kasuwa, in aka miƙo muku takardar sakamako, kuna da haƙƙin tambaya. Waɗanne magunguna aka nema? Mene ne mafi ƙanƙantar adadin da labon ke iya gani? Yaushe aka ɗebi samfurin, yaushe aka gwada shi, a ina ya kwana a tsakani? "Ba a gani ba" ma'anarsa ba a gani ba cikin waɗanda aka nema, a iyakar ganin wannan na'ura. Mai son wakensa ya tsallake kowane gwaji kuwa, buhun PICS mai hawa uku, wanda aka fara yaɗawa a 2007 tare da masanan cibiyar binciken noma ta INRAN a Maradi, yana kashe ƙwari ta hanyar toshe iska, ba ya buƙatar ko ɗigon piya-piya.

Roƙona na ƙarshe ga kowane gida. In Allah ya kawo tsautsayi, mutane suka ci abinci suka kama amai, da zubar yawu, da gumi, da karkarwa, a garzaya da su likita nan take, kada a tsaya ba su madara ko manja. A tafi da kwalbar maganin in akwai. Sauran abincin kuma, da garin da aka tuƙa shi, da ruwan da aka sha, kada a zubar, kada a wanke tukunya. A rufe kowanne daban, a sa a firigo ko cikin ƙanƙara, a nesanta shi da yara, a miƙa wa ma'aikatan lafiya.

Nan za mu dakata.

(Kiɗan rufe shiri)